Na'urar yatsa ta nuna 98, alhali jini na zuba a cikinsa

Duk wanda aka kira a waya aka ce masa ɗan'uwansa ya yi hatsari amma da sauƙi, babu ko ɗigon jini, ina so ya san abin da muka gani kafin ya kwantar da hankalinsa. Irin kiran da aka yi mini ke nan kan autanmu, saurayi ɗan shekara 24, gab da magariba a tsakiyar hunturu. Akuya ce ta gifta masa, ya taka birki, babur ya kwanta, kan babur ɗin ya doke shi a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Ya tashi da ƙafarsa, ya kaɗe ƙura, har ya ɗaga babur ɗin da kansa. Zan bi abin da ya biyo baya daki-daki, domin abin da ya fi wahalar da ni a wannan dare shi ne rashin sanin wace lamba zan yarda da ita a cikin lambobin da na'urori ke ta nunawa.

Na same shi a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa kusa da inda abin ya faru, yana zaune a kan benci yana ba abokansa labarin akuyar suna dariya. An wanke masa ƙujewar gwiwar hannu, an maƙala masa 'yar na'urar nan ta yatsa da kowa ya sani tun lokacin korona, ta nuna 98. Awon jininsa 118 bisa 80, bugun zuciya 112 a minti. An ɗebi jini an auna PCV, gwajin da ke nuna yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini, aka ce 38, wato ba shi da ƙarancin jini. Matashin ma'aikacin da ke wurin ya nuna mini lambar yatsan ya ce, “Yallaɓai ka gani, iskarsa cike take. Buguwa ce kawai, bugun zuciyar kuma tsorata ce.” Muka yi hamdala, muka biya kuɗin kati da wankin ciwo da gwaji, duka bai kai Naira 10,000 ba. Sai dai akwai abubuwan da ba su shiga takarda ba. Ƙishirwa ta dame shi, yana ta shan fiya wata yana neman ƙari. Tafin hannunsa sanyi ƙalau da danshi, kowa ya ce ai hunturu ne. Kuma yana ta cewa, “Yaya, kafaɗata ta hagu ce ke damuna,” alhali ba a kan kafaɗa ya faɗi ba. Da ya miƙe zai shiga mota sai jiri ya kwashe shi, ya dafa bango ya sulale.

Allah ya sa a daidai lokacin wata dattijuwar nas ta shigo karɓar aikin dare. Ba ta ko kalli na'urar ba. Ta riƙe wuyan hannunsa tana duban agogo, ta danne masa farce ta saki tana jiran jan ya dawo, ta janye fatar idonsa ta leƙa, sannan ta sa aka kwantar da shi ta danna cikinsa a hankali, ya yi ƙara. Ta juyo ta ce, “Malam, kai ne babbansa? Yaron nan jini yake zubarwa a ciki. Mu ba mu da jini a nan, ba mu da mai tiyata da dare. Ku wuce babban asibiti yanzu, kuma kada a ƙara ba shi ko kurɓin ruwa.” Ta sa masa ƙarin ruwa, ta rubuta takardar turawa, ta sa lokacin da hatsarin ya faru da duk lambobin da aka auna, kowace da lokacinta. Wannan takarda ta yi mana amfanin da ban zata ba. Ciwon kafaɗar nan ma ashe alama ce da likitoci suka sani: idan jini ya taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, yakan taɓa jijiyar da ke kai jin zafi har kafaɗa, kuma a gefen hagu saifa ake fara zargi.

Babu motar asibiti, a motar maƙwabci muka tafi, wani abokinsa na riƙe da ledar ruwan a sama. A ƙofar sashen gaggawa aka rarraba mu. Shi aka tura shi ciki a kan gado mai taya, ni aka nuna mini tagar yankan kati, daga can aka ce sai na biya a wata tagar na kawo rasit, daga can kuma sai ofishin da ake buɗe fayil. Tagogin ba a jere suke ba, kuma na'urar POS tana ta yankewa. Da mutum ɗaya ne ya kawo shi da an sha wuya, don haka ku je aƙalla ku uku: mai tsayawa da mara lafiya, mai bin tagogi, da mai kiran waya. A riƙe tsabar kuɗi a aljihu. Gaskiya ba su jira rasit ba kafin su fara duba shi, ba kuma wanda ya nemi takardar 'yan sanda. Ya kamata kowa ya san cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin taimaka wa wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili.

Da na dawo da katin na tarar da wata matashiyar likita a kansa, an sa masa allurar jijiya mai kauri a hannu biyu. Bugun zuciya ya hau 128, awon jini ya sauko 100 bisa 75, na'urar yatsa kuwa tana nan a 97. Na nuna mata ita na ce, “Likita, ai iskar tasa ba ta sauka ba.” Ta ce in bar kallon wannan, ta karɓi takardar da nas ta rubuta ta yi wani lissafi a gefenta: bugun zuciya a raba shi da lambar sama ta awon jini. A jikin mai lafiya, in ji ta, amsar tana tsakanin 0.5 da 0.7, idan ta kai 0.9 ko ta wuce bayan rauni to a nemi inda jini ke zuba. Nasa a lokacin ya kusa 1.3. Na can ƙaramin asibitin ma, 112 a raba da 118, ya riga ya haura 0.9 tun yana ba da labarin akuya. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, kuma jiki kan iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari kafin awon jini ya faɗi sosai, musamman jikin matashi mai ƙarfi, saboda zuciya na ƙara gudu, jijiyoyin fata da na tsoka na tsukewa don a ajiye wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da ya rage. Sanyin hannun nan da muka jingina wa hunturu daga nan yake. Ta tambaye ni ƙarfe nawa daidai ya faɗi, na nuna mata a takarda, ta aike ni kantin maganin asibitin da gudu in sayo allurar tranexamic acid. Magani ne mai hana gudan jini narkewa, wanda wani babban bincike na 2010 a kan mutum fiye da 20,000 a ƙasashe 40, har da Najeriya, ya nuna yana rage mutuwa. Amma sai an ba da shi cikin awa uku da jin rauni, bayan haka amfaninsa ya wuce. Da ƙyar muka shiga cikin lokacin.

Hoton ciki a nan kan gadon aka yi shi da ƙaramar na'urar sikanin da aka turo, bai ɗauki minti biyar ba. Ko ni da ban iya karanta hoton ba na ga baƙin wuri kewaye da saifa da kuma can ƙasan mara, aka ce mini jini ne kwance. An sake auna PCV ya sauko 27. Na tambayi yadda aka yi 38 ta koma 27 cikin ɗan lokaci haka, aka ce gwajin farko ne bai faɗi gaskiya ba: a farkon zubar jini, ruwansa da ƙwayoyinsa tare suke fita, don haka abin da ya rage kaurinsa bai canza ba, sai ruwa ya shiga jijiya ya tsinka shi sannan raguwar take bayyana. Likitocin tiyata suka zo suka ce sai an buɗe shi a daren, watakila a cire saifar gaba ɗaya. Shi ya sa hannu a takardar amincewa tunda yana cikin hayyacinsa, ni na sa a matsayin shaida. Aka miƙo mini doguwar takardar kayan tiyata, wasu na samu a ciki, wasu sai a kantin da ke waje. Kuɗin tiyata da kayanta sun haura Naira 200,000, muka ba da wani abu aka amince a cika da safe.

Ɗakin jini shi ne wurin da ya fi cin lokaci, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Sun ce a tanadi leda uku. Suna da irin nasa a ajiye, amma ƙa'idarsu ita ce ka kawo masu bayarwa su mayar da abin da za a ɗauka, ko da jininsu ba iri ɗaya ba ne da na mara lafiya. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna ɓata lokaci wajen neman mai irin jinin daidai. A bakin ƙofa wasu suka matso suna raɗa mini cewa akwai jini in ina da kuɗi, ban tsaya ba. Na kira 'yan majalisarmu, kafin wani lokaci samari sun cika barandar. Ana auna nauyi, sai wanda ya kai kilo 50 kuma ya cika shekara 18, a duba ƙarfin jininsa, sannan a gwada shi kan cutar ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere. An mayar da wasu, an karɓi wasu, ni ma na kwanta aka ɗebi ledata, kimanin mililita 450. Ko an sami jini a firij, sai an haɗa shi da na mara lafiya a ga sun dace, wannan kaɗai ya ci kusan awa guda. Kowace leda akwai kuɗin gwajinta, mun biya wajen Naira 10,000 a kan ɗaya. Da an fara kiran mutane tun muna mota, da an rage wannan jiran.

Sauran daren a kan tabarma muka yi shi a ƙofar ɗakin tiyata, Hajiya na jan carbi ba ta ce da kowa komai ba. Kafin asuba aka fito aka ce saifar ta tsage har gindinta an cire ta, jinin da aka kwashe daga cikinsa ya kusa lita biyu. Bayan salla na ga likitan da ya sa shi barci, wani dattijo mai furfura a gemu, yana shan shayi a bakin baranda, na gaishe shi na yi masa tambayar da ta hana ni sukuni: “Ranka ya daɗe, ta yaya mutum zai zubar da lita biyu na'ura tana cewa 98?” Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ka san ɗan garuwa? Wannan na'ura tana leƙa jarkokin da suka iso ne ta ga ko a cike suke. Ba ta ƙirga nawa ne a kan kurar. Ko rabinsu sun zube a hanya, waɗanda suka iso cike suke.” Wato tana auna kashi nawa na jinin da ke fitowa daga huhu ya ɗauki iskar oksijin, kuma huhun yaron lafiyarsa ƙalau. Ya ce akwai wata na'urar dabam da ya yi aiki da ita a wani kwas da ya je ƙasar waje, wadda ake manna wa a kan tsoka, yawanci tudun da ke gindin babban yatsa ko a dantse, ba tare da huda fata ba. Ita tana auna oksijin ɗin da ya saura a cikin tsokar bayan ta ci rabonta. Tunda tsoka na cikin waɗanda jiki ke fara rage wa jini, ana sa ran lambarta ta faɗi da wuri. Na ce to ai ita ya kamata a saya a ko'ina. Ya kaɗa kai ya ce, “Ledar da aka ɗiba a jikinka ɗazu, da na manna maka na'urar a hannu, da wuya ta nuna an taɓa ka.”

Zaman jinya dogo ne, ni kuma malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, sai na shiga bin diddigin maganar a waya. Asalin fasahar daga wani masani ne mai suna Frans Jöbsis, wanda a 1977 ya nuna cewa hasken da ke gaba da ja kaɗan, wanda ido ba ya gani, yana ratsa naman jiki, kuma jini mai oksijin da marar shi ba iri ɗaya suke shanye shi ba. Maganar dattijon kan ledata kuwa tana da tushe. A 2010 a birnin Bern na Switzerland an manna na'urar a gindin babban yatsan mata 20 masu ba da jini, kafin da bayan an ɗebi mililita 500 daga kowacce, lambar ba ta canza ba duk da awon jininsu ya sauka. A Miami ta Amurka, a 2005, an auna lafiyayyun mutane 707 aka ga matsakaicin lambarsu wajen 87 ne, sannan aka auna waɗanda suka ji rauni. Waɗanda jikinsu ya yi mummunar faɗuwa lambarsu ta sauko wajen 45, na'urar ta kama su sarai, amma masu matsakaicin hali suna wajen 80, sun cakuɗe da waɗanda ba su da matsala. Wani binciken na 2007 a manyan asibitocin rauni bakwai a Amurka, kan mutum 383, ya nuna wanda lambarsa ta tsaya sama da 75 galibi gaɓoɓin cikinsa ba sa lalacewa, sai dai da yawa daga waɗanda suka sauka ƙasa da 75 su ma ba abin da ya same su.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na cibiyar binciken tiyata ta sojojin Amurka da ke San Antonio a jihar Texas, inda Victor Convertino da Babs Soller da abokan aikinsu suka riƙa sa lafiyayyun mutane a wani akwati daga ƙugu zuwa ƙasa, ana zuƙe iskar ciki mataki-mataki har jini ya taru a ƙafafu kamar an zubar da shi. A sakamakon da suka fitar a 2008, na'urar da ke leƙa tsoka mai zurfi a dantse ta fara sauka tun kafin bugun zuciya da awon jini su motsa, ta gindin babban yatsa kuwa ba ta yi saurin nunawa ba. Ashe inda aka manna ta da zurfin da haskenta ke kaiwa suna canza amsa. Haka kaurin kitse, da sanyin ɗaki, da kamfanin da ya ƙera ta. Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wato launin fata, domin sinadarin da ke sa fata duhu shi ma yana shanye haske. Ko na'urar yatsa da muka saba da ita, binciken jami'ar Michigan na 2020 ya gano cewa a lokacin da take nuna 92 zuwa 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata oksijin ɗinsu na gaskiya ƙasa da 88 yake, a fararen fata kuwa bai kai kashi 4 ba. Ra'ayina bayan duk wannan karatu shi ne na'urar tsoka tana da amfani a hannun likitan da ke bin lambar mutum ɗaya yana ganin tana sauka ko tana hawa, amma lamba guda a bakin ƙofa ba ta isa a ce wa kowa ya tafi gida ba. Da ita aka manna wa ƙanena a kan bencin nan, mai yiwuwa ta nuna 80 mu yi hamdala kamar yadda muka yi da 98.

Wani abin da na ci karo da shi ya ba ni sha'awa, ko da yake na masu haihuwa ne. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, bai dogara da wata na'ura mai tsada ba. Leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai jego don a ga yawan jinin da ya fita maimakon ƙiyasin ido, tare da ba da magunguna gaba ɗaya da zarar an kai iyaka, kuma hakan ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin ɗari. Jinin da ke fitowa waje ke nan. Na cikin ciki kuwa har yanzu sikanin da hannun ƙwararre ne ke kama shi.

Ya fara shan ruwa da cokali bayan cikinsa ya motsa, daga nan kunu, daga nan aka sa shi takawa a baranda yana riƙe da ɗinkin. Ranar sallama ma aiki ce: sai an tattara rasit duka an kai ofishin lissafi, an buga hatimi, an dawo wa nas mai kula da ɗaki da takardar, sannan mai gadi ya bar ku ku fita. Na ga waɗanda aka sa su biya abu sau biyu don sun yar da rasit, don haka tun daren farko a sami leda ɗaya a riƙa zuba su. A kuma nemi a rubuto takardar taƙaitaccen bayanin aikin da aka yi, ba a bayar da ita sai an tambaya.

Abin da zan gaya wa wanda ya sami kansa a irin wannan hali shi ne, buguwa a ciki ko a haƙarƙarin ƙasa ba ta gida ba ce ko da mutum yana tafiya yana dariya, a kai shi inda ake da sikanin da jini da mai tiyata. A lura da ƙishirwa, da sanyin hannu mai gumi, da jiri in an miƙe, da ciwon kafaɗar da ba a bugu ba. A rubuta bugun zuciya da awon jini tare da lokaci duk sanda aka auna, domin yadda suke tafiya ya fi kowace lamba guda magana, lissafin rabawar nan kuma kowa zai iya yinsa a wayarsa. PCV na farko mai kyau ba hujja ba ne, a nemi a maimaita. Saifa ma takan yi shiru ta fashe bayan kwanaki, don haka wanda aka sallama bayan buguwa ya koma da zarar ya ji wani canji.

Da muka koma cire zare, likita ya zaunar da mu kan rayuwa ba saifa, wadda ita ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini. Ya rubuta rigakafin namoniya da na sanƙarau da na Hib (wata ƙwayar cuta da ita ma ke kawo namoniya da sanƙarau), waɗanda ake yi bayan kimanin mako biyu da tiyata. Ya ce zazzaɓin cizon sauro yakan fi tsanani ga wanda ba shi da saifa, don haka gidan sauro dole ne, kuma duk ranar da jikinsa ya yi zafi ko kare ya cije shi, asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba. Ya sa ya rubuta a kati cewa an cire masa saifa ya ajiye a walat, ya riƙa nuna wa duk likitan da zai duba shi. Rigakafin namoniya na manya ba mu same shi a asibitin ba, a wani babban kantin magani muka saya muka kawo a kula mai ƙanƙara aka yi masa, don haka a fara tambayar inda ake samunsa tun kafin a bar gadon asibiti.